Anko A Cikin Ciyawa

Ranar wunin biki, idan baƙuwa daga dangin ango ta shiga gidan amarya ta tarar da mata arba'in cikin atamfa iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya, ɗaurin ɗankwali iri ɗaya, dole kanta ya ɗaure. A aike ta ta kira ƙanwar amarya, sai ta yafito 'yar gwaggonta. A ce mata ba ita ba ce, ta koma ta kamo hannun maƙwabciya. Ita kuwa tsohuwar gidan tana zaune bisa tabarma a ƙofar ɗaki, ko tabarau babu a idonta, amma za ta nuna ta ce waccan 'yar wance ce, wannan jikar wane ce, ta gefen can kuwa ba jininsu ba ce, ƙawa ce ta sayi ankon. Idon baƙuwa a kan zane ya tsaya. Na tsohuwa ya ƙetare zane ya kai ga wushirya da tsayin wuya da salon tafiya, har da wurin da kowacce ta zaɓa ta zauna.

Irin wannan ɗaurewar kai ce ke jiran duk wanda ya fita neman furannin okid na daji a Birtaniya cikin watannin Yuni da Yuli. Okid dangi ne babba a cikin tsirrai, nau'o'insa sun kai kimanin 28,000 a duniya, kuma daga cikinsu ake samun fanila da ake ƙamsasa kek da ita. Waɗanda suke 'yan asalin Birtaniya sun ɗan haura 50. Adadin ba shi da yawa, har mutum zai ɗauka a mako guda zai haddace su. Sai ya isa makiyaya ya ga tsinkaye sun miƙe daga cikin ciyawa, kowanne ɗauke da curin furanni ruwan hoda ko shunayya, daga mai tsawon tafin hannu zuwa mai kai wa gwiwa, duk kamar an yanko su daga turmi ɗaya. A nan ne yake gane cewa kama da wane ba ta wane.

Kafin a fara rarrabewa sai an san fuskar furen. Kowace ƙwayar furen okid tana da falle shida, uku daga waje, uku daga ciki. Ɗaya daga cikin na ciki ya fita daban: ya faɗaɗa, ya sauko ƙasa, shi ake kira leɓe, kuma a kansa ƙwari ke sauka. A bayan leɓen, a nau'o'i da yawa, akwai siririn bututu, wani dogo wani gajere, wani da ruwan zaƙi a ciki wani wayam. A tsakiyar furen kuma garin barbara ba a warwatse yake ba, a yawancin na Birtaniya an dunƙule shi curi biyu, kowanne da ɗan tsinke da ɗanko a gindinsa, domin ya manne wa ƙwaron da ya kawo ziyara. Leɓe, bututu, curi biyu, sai ganyen da ke ƙasa: a waɗannan wurare ake karanta asali. Launi shi ne ankon, kuma shi ya fi komai saurin jan ido da saurin yaudara.

Ɗauki 'yan'uwa biyu masu ganye ɗige-ɗige, Dactylorhiza fuchsii da Dactylorhiza maculata. Dukansu furensu yana tashi daga fari zuwa ruwan hoda zuwa shunayya mai haske, da zane-zane da ɗigo a kan leɓe. A fili ɗaya za ka iske nau'i ɗaya ya fito da launi biyar, saboda haka wanda ya ce "farar ita ce wance, mai duhun ita ce wance" ya riga ya ɓata hanya. Sai an durƙusa an dubi leɓen. Na fuchsii ya tsage gida uku, tsaga mai zurfi, kuma na tsakiyar yana da tsini, tsawonsa ya kai na gefe ko ya ɗara su. Na maculata faffaɗa ne, bakinsa da 'yar tattara, na tsakiyar kuma ɗan ƙaramin haƙori ne da bai kai na gefe ba. Daga nan a sauka ƙasa. Ganyen farko na fuchsii yana da faɗi, kansa ba tsini, ɗigonsa ya miƙe a kwance. Ganyen maculata sirara ne, a naɗe, masu tsini, ɗigonsu zagaye ne kuma sau da yawa yakan koɗe. Ƙwararru suna duban furannin da suka buɗe sosai a tsakiya ko ƙasan curin, domin na sama da ba su gama buɗewa ba kamanninsu bai zauna ba tukuna.

Tsohuwar gidan biki tana da wata dabara bayan duban fuska: ta san mazaunin kowa. Dangin uwa suna ɗakin uwar amarya, dangin uba sun kewaye gwaggo, ƙawaye suna can ƙuryar amarya suna shewa. Okid ma kowacce da ɗakinta. Fuchsii tana son ƙasar alli da ta farar ƙasa, irin ta tuddan South Downs da Chilterns, tana fitowa a gefen titi da tsofaffin ramukan haƙar dutse. Maculata kuwa ƙasa mai tsami take nema, mai danshi, baƙa, irin ta New Forest da Dartmoor da tsaunukan Sukotlan. Mai lura tun kafin ya sunkuya yake duban maƙwabtan furen. Idan ya ga Calluna, gajeren tsiron nan da ke rufe tsaunukan arewa da shunayya a ƙarshen bazara, ya san ƙasar mai tsami ce, kuma zato ya karkata ga maculata. Amma zato ne kawai. Akwai wuraren da alli da baƙar ƙasa suke haɗa iyaka a taku kaɗan, kamar yadda 'yar dangin uba kan leƙa ɗakin uwa ta ɗan zauna.

Inda abin ya fi armashi shi ne wajen tagwayen gidan, Platanthera chlorantha da Platanthera bifolia. Dukansu farare ne da ɗan kore-kore, ganye biyu masu faɗi da ƙyalli a gindi, dogon bututu a baya, da ƙamshi mai ƙaruwa idan magariba ta yi. Ana ce wa ta farko babba, ta biyu ƙarama, kuma a yawancin lokaci haka ɗin ne, sai dai babbar da ta tsiro a ƙasa maras ƙarfi takan tsumbure, ƙaramar da ta samu inuwa da danshi takan miƙe. Wanda ya dogara da tsayi zai kira Hassana da sunan Usaina. Alamar da ba ta ƙarya tana cikin bakin furen. A chlorantha, curin barbara biyun sun ware ƙafa: gindinsu ya yi nisa da juna, wajen milimita 4, kawunansu suka karkato suka kusanci juna, har kana hango ƙofar bututun sarai a tsakaninsu. A bifolia kuwa sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, a miƙe, tazarar ba ta wuce wajen milimita 1 ba. Ɗaya mai wushirya, ɗaya maras ita. Wanda ya gani sau ɗaya da gilashin ƙara girma mai ninki 10 ba ya sake rikicewa.

Wannan wushirya tana da aiki. Ƙwarin da ke yi wa furannin barbara 'yan dare ne, dangin malam-buɗe-littafi masu dogon baki. Idan ƙwaro ya zura baki a bututun chlorantha, ɗankon da ya ware ɗin a idanunsa yake mannewa. A bifolia kuwa, tun da tazarar matsattsiya ce, a bakin nasa yake kamawa. Garin da aka ɗauka a ido ba ya cika faɗawa inda ake jiran na baki, shi ya sa nau'o'in biyu suke iya zama kusa ba tare da sun narke sun zama ɗaya ba. Charles Darwin ya duba wannan da kansa a gidansa na Down da ke Kent, kuma a littafinsa na 1862 kan barbarar okid ya tsaya a kan cewa nau'i biyu ne, alhali masani kamar George Bentham yana ganin reshe biyu ne na abu guda. Daga baya L. Anders Nilsson ya bi ƙwarin a Suwidin ya nuna inda garin kowacce ke mannewa. Da aka zo zamanin gwajin ƙwayoyin halitta, sai aka tarar da ƙyar gwajin ke iya raba su. Ga wuri guda da ido da gilashin aljihu suka fi ɗakin gwaji saurin yanke hukunci.

Lokacin zuwa ma shaida ne. A biki an san masu zuwa tun ranar sa lalle, an san waɗanda sai ranar wuni, an san masu bayyana ranar buɗar kai bayan kowa ya gaji. Orchis mascula tana cikin masu buɗe fage a Afrilu da Mayu. Masu ɗige-ɗige suna cika fili a Yuni da Yuli. Dangin Epipactis yawanci sai Yuli da Agusta, a inuwar daji. Spiranthes spiralis, 'yar ƙarama mai fararen furanni da suka murɗe a jikin tsinke, ita ce 'yar auta, sai Agusta da Satumba. Sanin watan da kake ciki kaɗai yana rage maka rabin waɗanda za ka zarga. Sai dai a tuna cewa arewa tana makara: abin da ya buɗe a Kent zai ɗauki makonni kafin ya buɗe a tsaunukan Sukotlan, kuma shekarar sanyi takan ja kowa baya.

Lokaci da mazauni su ne suka fi taimako a wajen masu ƙamshi na dangin Gymnadenia. Da can nau'i ɗaya ake ɗaukarsu, yanzu an raba su uku: conopsea ta busasshiyar ƙasar alli, borealis ta makiyayar tudu a arewa da yamma, da densiflora ta dausayi mai ruwan alli. Ta ukun ta fi tsayi, leɓenta ya fi faɗi, kuma ta fi jinkirin fure. Ana cewa ƙamshinta ya fi karkata ga kanumfari, amma hanci ba ɗaya ba ne, don haka ba a kafa hujja da turare shi kaɗai. Akwai kuma Anacamptis pyramidalis da kan rikitar da sabon shiga, tun da ita ma ruwan hoda ce mai dogon bututu. Ana gane ta da 'yan ƙananan tudu biyu a gindin leɓenta, waɗanda ke yi wa bakin ƙwaro jagora zuwa bututu. Gymnadenia ba ta da su.

Sai batun ƙawar da ta sayi anko. Orchis mascula da wadda a da ake kira Orchis morio duk shunayya ne, duk suna fitowa da wuri, kuma sun daɗe a rubuce a gida ɗaya. A fili ana raba su cikin sauƙi idan an san inda za a duba. Fallayen waje na morio sun haɗu sun yi hula a kan furen, da korayen jijiyoyi a jere a jikinsu, ganyenta kuma ba ɗigo. Na mascula biyu na gefe sun ɗaga sama kamar fukafukai, babu korayen jijiyoyi, ganyenta galibi da manyan tabo. A 1997 Richard Bateman da Alec Pridgeon da Mark Chase suka fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta wanda ya nuna morio ba 'yar gidan Orchis ba ce. Danginta na jini su ne su pyramidalis, wadda ba ta kama da ita ko kaɗan. Aka sauya mata suna zuwa Anacamptis morio. Shekara da shekaru tana zaune cikin dangi ana kiranta da sunan gidan, ashe zane ne ya haɗa su.

Abin da ke sa ko tsohuwa ta yi shiru ta ƙara duba shi ne auren zumunci. Idan ɗan wa ya auri 'yar ƙani, 'ya'yansu sukan ɗauko hancin wannan ɗaki da idon wancan, har a rasa ɓangaren da za a jingina su. Dangin Dactylorhiza sun shahara da wannan. Banda masu ɗige-ɗige, akwai na fadama: incarnata, da praetermissa ta kudu, da purpurella ta arewa. Na fadama karansu yana da rami a ciki, idan ka ɗan matsa a hankali da yatsu biyu za ka ji ya lotsa, na masu ɗige-ɗige kuwa a cike yake. Incarnata ita kaɗai tana fitowa da launin tsoka, da jan bulo, da shunayya, da ruwan madara, amma a kowane launi gefen leɓenta a lanƙwashe yake zuwa baya, kan ganyenta kuma ya ɗan rufa. To idan fuchsii da praetermissa suka haɗa fili, sai ƙudan zuma su yi ta kai da kawowa, a samu ruwa-biyu da ake kira Dactylorhiza × grandis, dogaye, kakkaura, sau da yawa sun fi iyayen girma, leɓe na uwa, ɗigo na uba. Su ma su koma su haɗu da iyayen, har fili ya zama tsani, kowane mataki da mai tsaye a kai. Tushen abin ma tsoho ne: fuchsii da incarnata kowacce tana da kuromosom 40, praetermissa da purpurella suna da 80, domin su kansu daga tsohuwar haɗuwar waɗancan biyun suka samo asali. A Hartslock, wani tudun alli a bakin kogin Thames, Orchis purpurea ta tsiro kusa da Orchis simia, sai ga ruwa-biyunsu sun yi fure a 2006, suka yi ta yaɗuwa a gefen tudun.

Saboda haka masu gogewa ba sa yanke hukunci a kan tsiro guda. Suna zagaya fili tukuna, su ga waɗanne iyaye ne a wurin, su dubi tsirrai da dama, su gane kamannin da ya rinjaya, sannan su dawo kan wanda ya fita daban. Ba sa yarda da alama ɗaya sai ta samu masu mara mata baya: leɓe ya ce kaza, ganye ya yarda, ƙasa ta yarda, wata ya yarda. Idan biyu suka saɓa, a sake duba. Hoto ma haka. Wanda ya ɗauki curin furen kaɗai daga nesa, ya ɗauki ankon ne ya bar mai shi. Hoton da zai yi amfani shi ne na leɓe daga gaba, na fure daga gefe domin bututu ya fito, na ganyen ƙasa, na tsiron gaba ɗaya, da na wurin da yake. Manhajar waya tana iya kai mutum ƙofar gidan, ta ce wannan Dactylorhiza ce, amma ba ta matsa kara ba, ba ta ga maƙwabta ba.

Su kansu masanan suna musun salsala, kamar yadda tsofaffi biyu kan yi gardama a kan ko gidan wane reshe ne na gidan wane. A dangin Ophrys, masu kwaikwayon surar ƙudan zuma, waɗanda suka fi yawa a ƙasashen Bahar Rum, wasu masana sun ƙirga nau'o'i sama da 300, wasu kuma suka ce ba su kai 20 ba, sauran duk bambancin gari ne da gari. A arewacin Ingila an bayyana Epipactis youngiana a 1982 a matsayin sabon nau'i, daga baya bincike ya mayar da ita cikin Epipactis helleborine da kowa ya sani. Idan manya suna haka, babu abin kunya ga wanda ya tsaya a sunan dangi ya ce nau'in bai tabbata ba.

Baƙo kuma yana da ladabinsa. Ba a tsinke fure domin a duba shi a gida, ba a tono shi. Irin okid ƙura ne, babu guzuri a cikinsa, ba ya tsirowa sai ya haɗu da wata funfuna ta cikin ƙasa da za ta ciyar da shi, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya yi furen farko. Wanda ya kwanta rub da ciki domin hoton fure ɗaya yana iya murƙushe ƙanana goma da ba su kai ga fure ba. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai fili ba, ta kuma hana ko tsinkar nau'o'in da suka yi ƙaranci. Dokar ba ta zo a banza ba: masu tara furanni sun yi ta haƙe Cypripedium calceolus har aka ɗauka ta ƙare a Ingila, sai a 1930 aka sake ganin tushe ɗaya tak a Yorkshire, wanda aka shafe shekaru ana gadinsa kafin lambun Kew ya samo hanyar raino daga irinsa.

A wajenmu ma akwai okid na ƙasa, musamman dangin Eulophia da Habenaria, a dazuzzukan ciyawa da tuddan Jos da Mambila. Wasu Eulophia suna fitar da fure bayan gobarar daji, gab da faɗuwar damina, tun ganye bai fito ba. Mai son tantance su sai ya sa alama a wurin, ya koma bayan ruwa ya zauna ya ga ganyen.

Amfanin duk wannan durƙuso yana bayyana ne idan an rubuta. A Birtaniya da Ailan, ƙungiyar masana tsirrai ta BSBI tana tattara rahotannin masu sa kai, kowane yanki da mai tantancewa, masu wuya kuma a tura wa gwani. Da irin waɗannan rahotanni aka haɗa babbar taswirar tsirrai ta Plant Atlas 2020, wadda ta fito a 2023. Daga su ne aka gane cewa bifolia ta ɓace daga wurare da dama a kudanci da gabashin Ingila, kuma morio ta ja baya tare da tsofaffin makiyayun da aka nome ko aka zuba wa taki. Duk wanda ya ga chlorantha ya rubuta bifolia, ya sa ɗigo a taswira inda babu kowa, ya rufe wata ɓaraka da ya kamata a gani. Mai kula da fili kuma da sunan da aka ba shi yake aiki: da shi yake sanin watan da zai yanke ciyawa, da lokacin da zai shigo da shanu, da ko zai bar ruwa ya kwanta ko ya janye shi. Idan sunan ya karkace, lauje zai shiga tun iri bai zuba ba.